Dabbobi a Gidan Haya: Hakkin Ɗan Haya, na Mai Gida da na Maƙwabci

A ƙauye ba wanda yake neman izini kafin ya ajiye kare ko ya ɗaure akuya. Gidan namu ne, turke yana bayan ɗaki, kaji kuma suna kiwonsu a tsakar gida. Amma zaman haya dabam ne. 'Ya'yanmu da yawa suna Jos, Kaduna, Yola, Gombe da Abuja, suna zama a ɗaki ɗaya ko ciki da falo. Waɗansu iyalai kuma tashin hankali ne ya raba su da gonakinsu, suka shiga gari da 'yar akuya ko karen da ya rage musu. A can ƙasar da dabba take takawa ta wani ce, tsakar gidan kuwa ta mutum goma ce ko fiye.

Daga nan rigima take tasowa. Mai gida ya ce ko a fitar da dabbar ko a kwashe kaya. Ɗan haya ya rasa yadda zai yi, gama samun wani ɗaki ba abu ne mai sauƙi ba, rabuwa da dabbar kuma tana iya zama masa babban rashi. A Amurka da ƙasashen Turai an daɗe ana jayayya a kan wannan magana, har ta kai gaban majalisu da kotuna. A wannan fitowa za mu duba yadda suka ɓullo wa abin, inda suka yi nasara da inda suka yi tuntuɓe, sa'an nan mu ga abin da zai amfane mu a namu zaman.

Ba duk dabbar gida ce ɗaya ba

Mu mun fi sanin dabbar kiwo, wadda ake ajiyewa domin nama, ƙwai, madara ko kuɗin makarantar yara. Shi ya sa ake cewa sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Dokokin da za mu yi magana a kansu sun shafi waɗansu iri uku ne dabam.

1. Dabbar sha'awa. Wannan ita ce kare, kyanwa, aku, zomo ko kifi da mutum yake ajiyewa domin yana jin daɗin zama da ita. Ba ta da wani aiki na musamman.

2. Dabbar hidima. Wannan an horar da ita ta yi wa mai naƙasa wani aiki. Misali karen da yake yi wa makaho jagora, ko wanda yake taɓa kurma idan an ƙwanƙwasa ƙofa, ko wanda yake neman taimako sa'ad da mai farfaɗiya ya faɗi. An buɗe makarantar farko ta horar da karnukan jagora a garin Oldenburg na Jamus a 1916, saboda sojojin da suka makance a yaƙin duniya na ɗaya. Amurka ta buɗe tata a 1929. Renon irin wannan kare da horar da shi yakan ɗauki kusan shekara 2.

3. Dabbar kwantar da hankali. Ita ba a koya mata wani aiki ba. Zamanta kusa da mai ita shi ne taimakon. Ana maganarta ne game da wanda yake fama da ciwon damuwa mai tsanani, ko yawan fargaba, ko firgitar da takan biyo bayan yaƙi, haɗari ko wani mugun abu da mutum ya gani da idonsa.

A kan ta ukun nan aka fi samun gardama. Kowa yana ganin makaho da karensa ya gane. Amma ciwon da yake cikin zuciya ba a ganinsa a fuska, dabbar kuma ba ta da wata alama da za ta bambanta ta da ta sha'awa.

Da gaske dabba tana taimakon mai damuwa?

Tunanin ba sabo ba ne. A 1796 wani Bature mai suna William Tuke ya buɗe gidan jinyar masu taɓin hankali kusa da garin York a Ingila. A zamanin da ake ɗaure irin waɗannan marasa lafiya da sarƙa, shi ya sa aka bi da su da tausayi, aka kuma ajiye zomaye da kaji da tsuntsaye a harabar gidan domin su riƙa kula da su. A 1962 wani masanin halayyar yara a Amurka, Boris Levinson, ya rubuta yadda yaron da ya ƙi yi wa kowa magana ya fara sakin jiki saboda karen da ya tarar a ofishinsa.

A 2018 waɗansu masu bincike a Ingila suka tattara nazarce-nazarce 17 da aka yi a kan masu ciwon ƙwaƙwalwa da dabbobinsu. Abin da marasa lafiyan suka faɗa ya yi kama da juna. Dabba tana sa mutum ya tashi da safe, domin dole a ba ta abinci. Tana janye hankalinsa daga mugun tunani. Ba ta yi masa gori, ba ta kuma kai maganarsa waje. Mai kare yakan fita da shi, ta haka yana motsa jiki yana gaisawa da mutane.

Amma binciken ya nuna ɗaya gefen ma. Ciyar da dabba da yi mata magani suna cin kuɗi. Dabba mai fitina tana ƙara wa mai ita damuwa. Ranar da ta mutu kuma, baƙin cikin yana iya mai da mutum baya. Saboda haka mu riƙe wannan: dabba tana iya zama taimako, amma ba ta maye gurbin likita, ko magani, ko ziyarar 'yan'uwa. Wanda ya daina barci, ya daina cin abinci, ko yake maganar kashe kansa, asibiti za a kai shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Abin da mai gida yake tsoro

Kada mu ɗauka duk mai gidan da ya hana dabba mugu ne. Sau da yawa gidan nan shi ne abin da ya tara a rayuwarsa, kuɗin hayar kuma da shi yake ci. Kare yana kartar ƙofa, yana tona rami. Fitsarin kyanwa yana kama ɗaki ya daɗe bai fita ba. Haushi da dare yana korar 'yan haya masu biya a kan lokaci. Idan kare ya ciji yaron maƙwabci, har mai gida za a nema. Akwai kuma mutanen da gashin kare ko na kyanwa yake tayar musu da asma.

Saboda waɗannan dalilai, masu gidaje da yawa a Amurka sukan rubuta a yarjejeniya cewa ba a yarda da dabba ba. Waɗansu sukan yarda, amma su karɓi kuɗin ajiya na musamman, ko ƙarin haya kowane wata saboda dabbar, ko su hana manyan karnuka da waɗansu irin da ake ganin suna da faɗa. Doka ta ba su wannan dama a kan dabbar sha'awa a yawancin jihohi.

Yadda dokar Amurka take

A 1968 Amurka ta kafa dokar adalci a sha'anin gidaje, wadda ta hana a ƙi ba mutum haya saboda launin fatarsa, addininsa ko asalinsa. A 1988 aka ƙara masu naƙasa a ciki. Ƙarin ya ce idan wata ƙa'idar gida tana hana mai naƙasa jin daɗin zama kamar kowa, to mai gida ya sassauta masa ita daidai gwargwado. Naƙasa a nan ta haɗa da ta jiki da ta ƙwaƙwalwa. Ta wannan ƙofa dabbar kwantar da hankali ta shiga gidajen da aka rubuta ba a yarda da dabba ba.

Dokar ba ta hau kan kowa ba. Wanda yake zaune a gidansa mai sassa 4 ko ƙasa da haka, yana ba da sauran haya, a mafi yawan lokaci ba ta shafe shi ba, sai dai in dokar jiharsa ta faɗi wani abu dabam.

Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta ƙasar ta fitar da takardun bayani a 2013 da kuma Janairun 2020, domin mai gida da ɗan haya su san matsayinsu. Ga manyan abubuwan da takardar 2020 ta ƙunsa:

- Idan naƙasar ba a ganinta, mai gida yana iya neman wasiƙa daga ma'aikacin lafiyar da ya san mutumin da kansa.
- Ba shi da ikon neman sunan ciwon dalla-dalla ko takardun asibitin mutum.
- Ya kamata ya ba da amsa da wuri, cikin kamar kwana 10.
- Kada ya karɓi kuɗin dabba ko kuɗin ajiya saboda ita. Amma idan ta yi ɓarna, ɗan haya ne zai biya.
- Yana iya ƙi idan wannan dabbar da kanta tana da haɗari ga mutane, ko za ta yi babbar ɓarna da ba yadda za a rage ta. Halin dabbar ake dubawa, ba sunan irinta ba.
- Dabbobin da aka saba ajiyewa a ɗaki, kamar kare, kyanwa, ƙaramin tsuntsu, zomo, kifi da kunkuru, su ne aka fi sauƙaƙa wa. Mai son ajiye biri, maciji ko dabbar turke sai ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili.

A Satumbar 2025 ma'aikatar ta janye waɗannan takardu biyu. Dokar 1988 tana nan ba a soke ta ba, haka ma dokokin jihohi, amma yanzu nauyin fassara ya ƙara komawa kan kotuna. A shekarar 2025 ɗin ma wata kotun tarayya a jihar Luwiziyana ta yanke cewa ba dole ne mai gida ya yafe wa wata 'yar haya kuɗin dabba na dala 400 ba, tun da ba ta nuna cewa yafewar ta zama mata lalle ba. Duk wanda yake da ɗa ko 'ya a can, ya gaya musu su bincika dokar jihar da suke ciki kafin su dogara da abin da suka ji a bakin wani.

Takardun bogi da ɓarnar da suka yi

Da mutane suka gane cewa wasiƙa ɗaya tana buɗe ƙofar gida, tana kuma kawar da kuɗin dabba, sai kasuwa ta buɗe. Shafuffukan intanet suka fara sayar da wasiƙu, da katin shaida, da 'yar rigar da ake sa wa kare. Mutum ya amsa tambayoyi na 'yan mintoci, ya biya, a aiko masa da takarda daga wanda bai taɓa ganinsa ba. Alhali gwamnatin Amurka ba ta da wata rajista ta irin waɗannan dabbobi.

Abin ya kai har filin jirgin sama. A Janairun 2018 wata mata ta zo filin jirgin Newark da ɗawisu, ta ce na kwantar mata da hankali ne, kamfanin jirgin ya ƙi ɗaukarsa. A Disambar 2020 Ma'aikatar Sufuri ta canza ƙa'ida, daga farkon 2021 kamfanonin jirage suka sami ikon ɗaukar dabbar kwantar da hankali kamar kowace dabbar sha'awa. Karen hidima da aka horar shi kaɗai ya ci gaba da shiga kyauta.

Jihohi ma suka ɗaure. A 2020 Fulorida ta mai da ƙaryar neman irin wannan dabba laifi, wanda aka kama kuma zai yi aikin sa'a 30 a wata ƙungiyar taimakon masu naƙasa ko makamanciyarta. Daga 1 ga Janairu 2022, a Kalifoniya ma'aikacin lafiya ba zai rubuta wasiƙar kare ba sai ya yi aƙalla kwana 30 yana duba mutumin.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an cuci waɗanda ba su ji ba su gani ba. Tsohon sojan da yake firgita cikin dare da gwauruwar da kaɗaici ya kwantar su ne yanzu ake yi wa kallon maƙaryata idan suka kawo wasiƙarsu ta gaskiya.

Idan hakki biyu suka yi karo

Wata shari'a da Kotun Ƙoli ta jihar Ayowa ta yanke a 2020 ta nuna wuyar abin. Wata mata da gashin dabba yake sa mata ciwo ta nemi gidan da aka hana dabbobi, ta kama haya. Bayan ta, wani ya kama ɗaki a ginin, ya kawo wasiƙar likita cewa yana bukatar karensa. Mai gida ya yarda. Ya raba musu matakalar hawa bene, ya saya wa matar na'urar tace iska, duk da haka ciwonta bai lafa ba.

Kotu ta ba matar gaskiya, ta ce a biya ta kuɗin hayar wata ɗaya. Dalilin da ya fi nauyi shi ne ita ta riga shiga, ta kuma shiga ne bisa alkawarin cewa babu dabba. Mai gidan yana da waɗansu gine-gine da ake yarda da dabbobi, inda mai karen zai iya zama. Kotun ta ce wannan ba ƙa'ida ce ta kowane lokaci ba, kowace magana sai an auna ta. Darasin a fili yake: a gidan haya ba mutum biyu kaɗai ne a cikin maganar ba. Maƙwabci ma yana da nasa hakkin.

Hanyar da waɗansu ƙasashe suka bi

Waɗansu ƙasashe ba su tsaya tambayar wane ne marar lafiya ba. Sun sauƙaƙa wa kowa ajiye dabba, suka ɗora alhakin ɓarna a kan mai ita.

- Faransa: tun 1970 doka ta ce sharaɗin hana dabbar gida a yarjejeniyar haya ba shi da ƙarfi, muddin dabbar ba ta ɓarna, ba ta kuma damun maƙwabta. Daga baya aka ba mai gida ikon hana karnukan faɗa.
- Jamus: a 2013 babbar kotun tarayya ta soke sharaɗin da yake hana kare da kyanwa gaba ɗaya a yarjejeniyar da aka buga wa kowa. Ta ce a duba kowane gida da halinsa.
- Lardin Ontariyo na Kanada: dokar haya ta 2006 ta ce sharaɗin hana dabba ba ya aiki, amma ana iya tashin ɗan haya idan dabbarsa tana ɓarna, ko tana da haɗari, ko tana sa wani ciwo mai tsanani.
- Ingila: dokar hakkin 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktobar 2025 ta ba ɗan haya ikon neman izini a rubuce. Mai gida zai amsa cikin kwana 28, ba zai kuma ƙi ba sai da dalili mai ma'ana. Gwamnati ta sa 1 ga Mayu 2026 ta zama ranar fara aiki da wannan sashe.

Amfanin wannan hanya shi ne ba wanda zai yi ƙaryar ciwo, marar lafiya kuma ba sai ya tona asirinsa ga mai gida ba.

A wajenmu fa?

A Nijeriya sha'anin haya yana hannun jihohi, abin da ya fi aiki kuma shi ne yarjejeniyar da aka yi tsakanin mai gida da ɗan haya. Wasiƙar da aka saya a intanet ba za ta tilasta wa mai gida a Jos ko Kafanchan kome ba, kada kowa ya ɓata kuɗinsa. Akwai dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023. Dukansu suna tuna mana cewa mai ciwon da ba a gani yana da daraja da hakki kamar kowa.

Namu yanayin ma dabam ne. Ɗan haya a nan ya fi ajiye kaji, agwagi, tattabaru, akuya ko karen gadi. Tsakar gida, rijiya, makewayi da igiyar shanya duk na tarayya ne. A gidaje da yawa Kirista da Musulmi suna zama tare, maƙwabtanmu Musulmi da dama kuwa ba sa son kare ya taɓa tufafinsu, kwanukansu, butarsu ko wurin sallarsu. Wanda ya san haka ya kuma saki karensa a tsakar gida, shi ya nemi rigima. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa, amma saɓanin da za a iya kauce masa tun farko bai kamata a bar shi ya girma ba.

A ɗaya gefen kuma, bari mu yi tunanin dattijuwar da aka kashe mata miji, aka ƙone gidanta, ta zo gari wurin ɗanta da kyanwa ɗaya. Da ita take hira sa'ad da kowa ya tafi aiki. A wurin mai gida kyanwa ce kawai. A wurin dattijuwar kuwa ita ce abin da ya rage na gidan da ta sani. Mai gidan da ya ji wannan bayani tun farko zai fi saurin sassautawa fiye da wanda ya tsinci labarin a bakin maƙwabta.

Ga ɗan haya

1. Ka faɗi gaskiya tun kafin ka biya kuɗi. Kada ka shigo da dabba a ɓoye, gama haushi da wari ba sa ɓoyuwa.
2. Idan dillali ne ya ce ba kome, ka nemi jin haka daga bakin mai gida da kansa.
3. A rubuta izinin: wace dabba, guda nawa, ina za ta kwana, wa zai biya in ta yi ɓarna. A sa hannu a gaban shaidu biyu.
4. Ku zagaya ɗakin tare ranar shiga, a ɗauki hoton ƙofa, bango da daɓe da waya.
5. Idan saboda rashin lafiya kake bukatar dabbar, ka nemi 'yar takarda daga likitan da yake duba ka. Ba sai an rubuta sunan ciwon ba.
6. Ka share kashi kowace safiya, ka ɗaure kare da rana, ka yi wa kaji akurki nesa da rijiya da madafa.
7. Ka auna ƙarfinka. Ɗaki ɗaya ba zai ɗauki babban kare ba. Dabbar da ba ka iya ciyarwa za ta shiga tukunyar maƙwabci.
8. Idan za ka yi tafiya, ka bar ta a hannun wanda ya yarda, ba a wuyan maƙwabta ba.

Ga mai gida

1. Ka faɗi ƙa'idarka tun ranar farko, ta kuma zama ɗaya ga kowa.
2. Kafin ka ce a'a, ka ga dabbar da idonka. Tsohuwar kyanwa da ɗan kwikwiyo mai ƙiriniya ba ɗaya ba ne.
3. Ka tambayi waɗanda suka riga zama a gidan, musamman masu ƙananan yara da masu asma.
4. Kana iya ba da izinin gwaji na wata 3, da sharaɗin allurar rigakafi da tsabta.
5. Abin da ɗan haya ya gaya maka game da lafiyarsa amana ce. Kada ya zama abin hira a bakin ƙofa.
6. Idan an karya sharaɗi, ka fara da magana, sa'an nan gargaɗi a rubuce. Kada ka sa guba, kada ka cire rufi ko ƙofa, kada ka watsar da kaya. Kotu ce kaɗai take da ikon fitar da ɗan haya da ƙarfi. A jihohi da dama mai biya wata-wata ana ba shi sanarwar wata 1, mai biya shekara-shekara kuma wata 6, sai dai in yarjejeniya ta faɗi wani abu dabam.

Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a kira mai unguwa ko dattawan da ɓangarorin biyu suka amince da su kafin a kai ga 'yan sanda.

Maganar da ba a sassauci a kanta: haukan kare

Ko dabbar ta sha'awa ce, ko ta gadi, ko ta kwantar da hankali, rigakafi dole ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare suke kamuwa, kimanin kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi.

A yi wa kare da kyanwa allura tun suna wata 3, a kuma maimaita kowace shekara ko yadda likitan dabbobi ya faɗa. A adana katin allurar, a nuna wa mai gida. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da take Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin wannan allura. A tambaya a asibitin dabbobi mafi kusa, musamman wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, lokacin da akan yi gangamin rigakafi a wurare da dama.

Idan kare ya ciji wani ko ya karce shi:

- A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15.
- Kada a sa toka, barkono, ganye ko gashin karen a kan ciwon.
- A tafi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne, a kuma kammala alluran da aka rubuta.
- A tsare karen a sa masa ido kwana 10, a sanar da likitan dabbobi. Kada a jira kwanakin su cika kafin a fara allura.

Masu kaji kuma su tuna cewa an tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a jihar Kaduna a Fabrairun 2006. Kada kaji su kwana ɗaki ɗaya da mutane. Idan suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a ci, kada a sayar, a kai rahoto. Mace mai ciki kuma ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa, domin akwai ƙwayar cuta a cikinsa da take iya cutar da jariri.

Tambayoyi domin tattaunawa

Muna ba da shawara a karanta wannan a taron mata, na matasa ko na ƙungiyar manoma, a tattauna waɗannan:

1. Waɗanne dabbobi 'yan'uwanmu da suke haya a gari suke ajiyewa? Wace rigima muka taɓa ji ta taso saboda su?
2. Akwai tsofaffi, gwauraye ko waɗanda suka tsere wa tashin hankali a cikinmu da dabba take ɗebe musu kewa? Ban da dabbar, wa yake ziyartarsu?
3. Da mu ne masu gidan nan na Ayowa, yaya za mu yi wa mutanen biyu adalci?
4. Idan ɗan'uwa ya sami ɗaki amma an hana shi shiga da dabbarsa, wa zai iya riƙe masa ita a ƙauye?
5. Karnuka nawa ne a ƙauyenmu aka yi wa allura a bana? Wa za mu aika wurin likitan dabbobi, kuma yaushe?